Akwatin D&D na 'yan koyo, bayan wata huɗu ina jan wasa da shi

Wani ɗan'uwana ne ya taho min da shi daga Ingila, akwatin nan mai hoton koren dodo a jiki, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014 don masu fara wasan Dungeons & Dragons. Na daɗe ina kallon mutane suna buga wasan a YouTube ina sha'awa, amma ban taɓa zama a teburi ba balle in ja ragama. To yanzu wata huɗu kenan duk Asabar bayan la'asar muna haɗuwa mu biyar a falon gidanmu, ni ne mai jan wasan, kuma ina ganin na isa in faɗi abin da na gani.

Ga wanda bai san shi ba, wasan tsoho ne, tun 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka. Babu allo irin na ludo ko dara. Mutum ɗaya ne yake ba da labari, shi ne duniyar baki ɗaya, shi ne mai shago shi ne ɗan fashi shi ne ruwan sama, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya faɗi abin da zai yi, in abin akwai shakka a jefa dayis. Mamanmu da ta ga dayis ɗin tambayar farko da ta yi ita ce ba dai caca kuke min a gida ba, sai da ta zauna ta kalli zama guda ta ga ko kwabo ba a sawa sannan hankalinta ya kwanta.

Abin da ke cikin akwatin ba shi da yawa gaskiya, har ka buɗe ka ce shi kenan? Littafin dokoki mai shafi 32, littafin labari mai shafi 64 mai suna Lost Mine of Phandelver, takardun jarumai biyar da aka riga aka cike, sai dayis shida, daga mai fuska 4 har mai fuska 20. Babu 'yan gumakan roba, babu babbar taswirar shimfiɗawa, babu katangar kwali da mai jan wasa yake ɓoye takardunsa a baya. Ni da kwalin indomi na yanka na yi tawa, jarumai kuma marafan kwalbar lemo, dodanni tsakuwa, taswira a bayan tsohuwar kalanda. Kuma dayis saiti ɗaya ga mutum biyar yana cin lokaci, miƙo min miƙo min ɗin nan, daga baya dole muka sa manhajar jefa dayis a waya.

Amma littafin labarin nan, wallahi shi kaɗai ya biya kuɗin akwatin. Ba labari kawai aka rubuta ba, koya maka jan wasa yake yi ba tare da ka lura ba. Farko abu ne mai sauƙi, wani wada mai suna Gundren Rockseeker ya ɗauki jaruman haya su raka amalanken kaya daga birnin Neverwinter zuwa wani ƙauye Phandalin, kowa zai samu zinare 10. A hanya sai ga matattun dawakai biyu sun tare hanya, kibiyoyi a jikinsu, goblin huɗu, wato wasu ƙananan mugayen halittu, na laɓe a daji. Hanya ɗaya ce, ba ka da inda za ka ɓace a matsayinka na sabon shiga. Daga nan kogon goblin ɗin, shi ma ɗaki bayan ɗaki. Sai ka fara samun ƙarfin gwiwa sannan littafin ya sake ka cikin Phandalin, inda 'yan wasa za su iya shiga ko'ina su yi magana da kowa.

Nan ne na gane me ake nufi da jan wasa. Na kwana ina haddace sunayen mutanen garin, mai masauki, mai shagon kaya, hakimin nan matsoraci Harbin Wester da ya bar 'yan daba masu jan mayafi suna cin karensu babu babbaka. Na shirya yadda za su bi a hankali su tattara labari. Ƙanwata kuwa, wadda ta ɗauki jarumin nan ɗan guntu mai sanɗa, ta dube ni ta ce Yaya, ni fa ba faɗa zan yi da su ba, so nake in je in ce ina neman aiki a cikinsu. Babu wannan a shirina. Na yi shiru kamar minti ɗaya, zuciyata na bugawa, sannan na duba littafin na ga ya riga ya gaya min wane ne shugabansu, me yake so, wa yake yi wa aiki a ɓoye, to daga nan na san yadda yaransa za su amsa mata. Na ce ta jefa mai fuska 20, ta samu 17, aka shigar da ita. Zaman ranar ya fi kowanne daɗi kuma rabinsa ba a rubuce yake ba. Abin da littafin ya iya kenan, yana ba ka dalilin kowane mutum, shi ya sa ko 'yan wasa sun kauce hanya kana da abin kamawa.

Sai dai ga gargaɗi na, da gaske nake. Faɗan farko ɗin nan yana da haɗari fiye da yadda yake a ido. Jarumi a mataki na 1, wato farkon farawa, jininsa kaɗan ne, ina nufin makin ransa da ke raguwa in an buge shi, mai sihirin bai kai 10 ba, kibiya biyu masu kyau ya faɗi. Mu minti ashirin da farawa abokina yana kwance a ƙasa bai yi komai ba, na ga fuskarsa ta canza, mutumin da na sha wahala kafin ya yarda ya zo. Littafin ya ce in goblin suka yi nasara su kwashe kaya su bar jaruman a sume, ba sai sun kashe su ba, to ka karanta wannan layin tun kafin zama, ni a lokacin na tsallake shi. Haka Klarg, ƙaton da ke ƙarshen kogon, bugu ɗaya yana iya gamawa da mutum. Da zan sake farawa goblin uku zan sa, kuma ɗaya ya gudu da wuri. Koren dodon da ke kangon garin Thundertree kuwa, kar ka bari su ɗauka dole sai sun yaƙe shi, ka nuna musu girmansa tun daga nesa.

Wani abin shi ne harshe. Komai da Turanci ne, kuma akwai wurare da aka sa cikin akwati aka ce ka karanta wa 'yan wasa da baki. Na gwada sau ɗaya na ga ido ya fara komawa waya. Tun daga ranar nake karantawa da daddare in rubuta abu uku a takarda, me za su gani, me za su ji, wane wari ne a wurin, in na zo in faɗa da Hausa yadda kakarmu take mana tatsuniya. Goblin ma mun daina ce masa goblin, 'yan ƙwalƙwal yaran suka raɗa musu kuma sunan ya zauna. Akwai kuma maganar alloli na duniyar labarin, ɗaya daga cikinmu bai sake da ita ba, sai muka mayar da jaruminsa mai magani kawai, babu abin da ya lalace a dokokin.

Labarin yana kai jarumai mataki na 5 ne ya tsaya, kuma ɗan littafin dokokin bai koya maka ƙirƙirar sabon jarumi ba, sai ka sauke dokokin kyauta da kamfanin ya sa a intanet. Akwatin ya tsufa, a 2022 an fitar da wani sabo a madadinsa, akwai kuma wani akwatin mai suna Essentials Kit na 2019 wanda shi yana da katangar kwalin da ƙarin dayis kuma a Phandalin ɗin dai yake. In ka samu na 2014 ko na hannu ne ka saya, in dai littafin labarin na ciki.

Mu yanzu muna bakin kogon ƙarshe, Wave Echo, sun ceto Gundren da goblin suka sace, ƙanwata ta riga ta turo min saƙo sau uku tana tambaya ko Baƙin Gizo-gizon nan, babban mugun labarin, zai yarda a yi ciniki da shi. Asabar za mu shiga.