Adaftar M42 zuwa Pentax K: guda biyu na gwada, daya ce kawai ta yi min aiki

Duk wanda yake da tsohuwar kyamarar fim ta Pentax kuma yana son daura mata lens din nan masu zare irin na da, dan Allah ya karanta wannan kafin ya fidda kudinsa. Ni K1000 ce a hannuna, ta kawuna ce da yayi sana'ar hoto da ita shekaru, har yanzu shata dinta, wato labulen da yake budewa haske ya fada kan fim, na bugawa lafiya lau. Sai na samu Helios 44-2, lens din Tarayyar Sobiyet mai 58mm f/2, wanda aka kwaikwayo daga Biotar na Zeiss, shine wanda yake murda bayan hoto kamar guguwa idan ka bude shi duka. Matsalar kawai bakinsa M42 ne, na zare, ita kuma K1000 bakinta K ne, na murdawa ya kulle. Dole sai da adafta.

Ta farko da na saya a intanet ba suna a jikinta ko daya, baka ce, tana da wani fadadden lebe a kewaye. Gaskiya da ta iso na ji dadinta, ta shiga sumul, ta kulle kas, cire ta ma ba wahala, madannin kyamarar kawai zaka danna. Na sa Kodak Gold 200 na dau yaran gida a tsakar gida, fokas yana kamawa tsaf. Ran asabar da safe na hau Dala don in dauko gari daga sama, anan ne abu ya kwabe, na murda zoben fokas har karshe inda alamar infiniti take, wato fokas din abu mai nisa sosai, amma rufin gidaje da hasumiyar masallaci duk sun ki fitowa, dishi dishi kamar ana hazon hunturu alhali gari garau yake. Na goge madubin lekawa da bakin riga, na sake murdawa, shiru. Wallahi raina ya baci sosai don na dauka lens din ne aka taba kwancewa aka maida ba daidai ba, saura kiris in kai shi a bude min.

Ashe laifin leben nan ne. Tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da fuskar fim a M42 milimita 45.46 ce, a Pentax K ma 45.46 din ce, daidai wa daida. Kenan babu wajen da adafta zata zauna a tsakani, ko kaurin farce ta kara to ta tura lens din gaba. Leben tawa wajen milimita daya ne, kuma a lens mai 58mm milimita daya ta isa ta hana ka ganin duk abinda ya wuce mita uku da dan wani abu. Shi yasa yara a tsakar gida suka fito, gari daga kan dutse ya ki. Mai sayarwa bai rubuta wannan ko a layi daya ba, kuma shine abinda yafi min ciwo, fim da tsada, wanki da tsada, kusan rabin hotuna 36 sun tafi a banza.

Ta biyu ita ce ta Pentax ta asali, siririn zobe ne da yake nutsewa cikin bakin kyamarar gaba daya, idan ka shafa da yatsa ba abinda ya taso. Da na daura Helios na leka ta taga na hango eriyar wani gida can nesa, nan take ta fito radau. Kudinta yafi na waccan nesa ba kusa ba, kuma ta hannu ce, amma ta biya ni.

Sai dai tana da nata halin. Akwai dan karamin sifirin a jikinta da yake rike ta a ciki, idan ka kwance lens ita tana nan zaune, sai ka sa farce ka danne sifirin din sannan ka murda ta fita. Wasu suna kwance sifirin din da karamar sukundireba su bar adaftar a jikin lens, ni dai ban yi ba, don idan ka cire shi ba abinda yake kulle lens din, kana murda fokas mai tauri zai iya kwancewa a hannunka.

Sauran abubuwan da suka bani wahala ba na adafta bane amma zasu same ka. Helios 44-2 zobe biyu gare shi na afaca, wato kofar da haske yake bi a cikin lens, daya mai kas kas da kake zabar lamba, daya mai sulbi da yake rufe ganyen kofar. Ka yi fokas a bude, ka rufe, sannan ka kalli allurar mitar auna haske ka daidaita ta a tsakiya, sannan ka danna. Idan ka manta baka rufe ba kyamara bata san komai ba, ba ita zata rufe maka ba. Kuma idan ka rufe zuwa f/8 ko f/11 wajen lekawa yana yin duhu, dige digen tsakiya su yi baki, to kar ka ce zaka yi fokas a haka.

Wani abokina ya kawo Helios 44M-4 dinsa muka gwada a kan adaftar, shi kuma yana da dan tsinke a baya wanda sai an danna shi ganyen yake rufewa, kuma bashi da makunnin A da M, wanda idan ka sa shi a M zoben da kansa yake rufe ganyen ba sai an danna tsinken ba. Adaftar Pentax bata taba tsinken nan. Muna murda zoben daga 2 har 16 allura ko motsi, lens a bude yake, kuma da ranar Kano da fim mai 200 ga shata da iyakarta 1/1000, hoto konewa zai yi. Don haka idan zaka sayi lens na M42 ka juya bayansa ka duba, in akwai tsinke ka tabbatar akwai makunnin M.

Sannan idan zare ya cije tun murdawar farko ka tsaya, kar ka sa karfi. Akwai wani bakin zare daban da ake kira T-mount, shima fadinsa milimita 42 ne amma tazarar zarensa 0.75 ce, ta M42 kuwa 1, ido baya bambance su sai sun cinye juna.

Mai leben ban yar da ita ba, tana cikin jaka, idan zan dau fuska kusa kusa ko hannun mai dinkin hula ina daura ta tunda tana dan kara matso da fokas. Amma duk ranar da zan fita gari ta Pentax ce a kan kyamarar.