Hattara da masu tallar garin "istem sel" a Jos

Jama'a, da ɓacin rai nake rubuta wannan. Kwanakin baya aka gayyaci yayata wani taro a zauren wani otal a nan Jos, wai bitar lafiya ce kyauta, har da lemo da cincin. Ɗanta mai shekara 9 yana da sikila, kuma duk wanda ya san hunturun garin nan ya san yadda uwar mai sikila take kwana. Wani mai farar riga da ake kira Dokta ya yi ta haska hotuna a bango, ya ce ya zo da istem sel, ƙwayoyin asali masu sabunta jiki. Gari ne a 'yar leda, ana zubawa a ƙarƙashin harshe safe da yamma. Sikila, ciwon suga, ƙoda, shanyewar ɓarin jiki, rashin haihuwa, duk wai leda ɗaya ce maganinsu. Wanda ya kawo masu saye uku kuma yana da lada.

Yaya ta sayar da 'yan kunnenta na gwal ta sayi kwali shida. Asarar kuɗin da sauƙi. Abin da ya ƙona min rai shi ne ce mata da ya yi, "Hajiya, ki dakatar da na asibiti, kada ya hana wannan aiki." Ta daina bai wa yaron folik asid da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Da ya fara kukan ƙashi ta kira mutumin, sai ya ce ai ciwon ne yake fita. Kwananmu biyar a asibiti, har da ƙarin jini. Yanzu wayarsa a kashe take.

A bakin gadon yaron na zauna na karanta kwalin. An rubuta ƙarara cewa daga ƙwayoyin tuffa da inabi aka yi shi. Tuffa! Ƙwayar da aka busar ta zama gari ai ta riga ta mutu, kuma ko da ranta, ta itace ba ta rikiɗewa ta zama jinin ɗan Adam. Cikinka zai narkar da ita yadda yake narkar da gwaten acca.

Ƙarfin wannan damfara shi ne ta jingina da gaskiya. Istem sel na gaske suna nan, a cikin ɓargon kowannenmu, su ne suke haifar da jini. Dashen ɓargo yana warkar da sikila da wasu nau'o'in sankarar jini. Likitan Amurka Donnall Thomas ya samu kyautar Nobel a 1990 saboda wannan aiki. A Najeriya an fara yi wa mai sikila a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, na Jami'ar Legas ya biyo baya a 2024. Amma dubi yadda ake yi. Sai an gwada an samu wanda ɓargonsa ya dace, yawanci ɗan'uwa shaƙiƙi, kuma damar kowane shaƙiƙi ɗaya ce cikin huɗu. Sai a kashe tsohon ɓargon da magunguna masu ƙarfi, a killace majinyaci makonni a ɗakin da ko uwarsa sai ta rufe baki da hanci kafin ta shiga. Bayan haka ma sabon ɓargon yana iya juyowa ya yaƙi jikin. Miliyoyin naira ake kashewa, wani lokacin a rasa rai. Wannan ne wani zai ƙulla maka a leda kamar yaji?

Akwai kuma masu allura, waɗanda suka fi waɗancan kwalliya, suna cewa za su tsotsi kitsenka su tace istem sel daga ciki su mayar maka. A jihar Fulorida ta Amurka an yi wa wasu dattijan mata uku irin wannan allura a ido, a 2017 likitoci suka wallafa yadda ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance gaba ɗaya. Bincike kan suga da ƙoda da laka yana tafiya, amma har yanzu gwaji ne.

Masu tallar ledar za su nuna maka lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna. Ka tambaya, a matsayin me aka yi wa abin rajista, magani ko ƙarin abinci? Mai farar riga kuma ka nemi lambar rajistarsa ta MDCN, hukumar likitoci ta ƙasa. Da na tambayi yaron da ya kai Yaya taron, wanda ɗan unguwarmu ne, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Anti, ni ma kwali goma ne a ɗakina na rasa mai saye."

Na ji sun koma yin tallar a zaurukan WhatsApp na mata, da muryoyin wasu da suke rantsuwa sun warke. Kwali huɗu da suka rage wa Yaya suna kan durowa, jibi zan kai ɗaya ofishin NAFDAC.