Ɗamarar hawa sama: wadda ake ɗaurawa a Jidda da wadda ake sayarwa a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin gini, da kafintocin rufin kwano, da masu ɗora sola, da masu hawa turakun sadarwa a Kano da Katsina da Maraɗi. Duk lokacin da Hajji ko Umara ya gabato, saƙon da ya fi zuwa mana nan Jidda daga wajenku shi ne a sayo muku ɗamarar hawa sama "ta Saudiyya", wato wadda ke tare mutum idan ya faɗo, a ba wani alhaji ya taho da ita. Za a sayo, da yardar Allah. Amma ku san cewa rabin abin da ke sa ɗamarar nan ta ceci rai ba ya shiga jakar alhaji.

Yawancin waɗanda ke shagunan nan ma shigo da su ake yi: Petzl daga Faransa, 3M da MSA da Honeywell na Amurka, Karam daga Indiya, sai na Sin masu kyau da marasa kyau. Larabawa na kiran ta hizamul aman. Bambancin da ke tsakaninmu da gida shi ne a nan kaya ba ya fita daga tashar jiragen ruwa sai an yi masa rajista a tsarin SABER na hukumar ingancin kaya ta SASO, kuma dokar ƙwadago ta ɗora wa mai aiki samar da kayan kariya ba tare da ya cire ko riyal ɗaya daga albashin ma'aikaci ba. A Najeriya ma akwai hukumar ingancin kaya ta SON, amma kafinta da kuɗin aljihunsa yake saye, don haka mai araha yake ɗauka.

Mai arahar nan, wadda ta cika kasuwanninmu, bel ne mai faɗi da ake ɗaurawa a ƙugu da igiya guda a jiki. A manyan wuraren aikin nan ba za a bar mutum ya hau da ita ba. Amurka ta daina amincewa da bel ɗin ƙugu a matsayin abin tare faɗuwa a aikin gini tun ranar 1 ga Janairu 1998, kuma dalilin a fili yake. Wanda ya faɗo mita 2 kacal yana kaiwa gudun kusan kilomita 22 a awa, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Idan igiya ta tsayar da shi farat ɗaya, duk fizgar a cikinsa za ta sauka, kan hanta da saifa da ƙashin baya, ya lanƙwashe gida biyu. Idan kuma kai ne ya riga yin ƙasa, sai ya zame ya fice daga cikin bel ɗin. Amfanin bel ɗin ƙugu ɗaya ne: ya riƙe mai hawa falwaya a jikin turke don hannuwansa biyu su samu yin aiki.

Ɗamarar gaske jiki duka take kamawa: maɗaurai biyu a kafaɗu, biyu a cinyoyi, ɗaya a ƙirji, da wani da ke ratsa ƙarƙashin mazaunai. Wannan na ƙarshen mutane ba sa kula da shi, alhali shi ke ɗaukar mafi yawan nauyi, don ƙashin ƙugu da cinyoyi su ne suka fi jure fizga a jikin ɗan Adam. A baya, tsakanin allunan kafaɗa, akwai zoben ƙarfe, nan ake maƙala igiya. An sa shi sama haka ne don wanda ya faɗo ya tsaya kansa a sama, fuskarsa kuma nesa da igiyar. Ma'aunin Turai mai lamba EN 361 ya ce manyan maɗauran kada faɗinsu ya gaza milimita 40, kuma ana gwada ɗamarar da gunki mai kilo 100 da aka sako daga mita 4, dole ya tsaya kai a sama bai karkace fiye da digiri 50 ba. Ma'aunin ya kuma ce launin zaren ɗinki ya bambanta da na maɗauri, don ido ya yi saurin ganin inda ya tsinke. A ɗamara mai wannan ma'auni, duk zoben da aka yarda a maƙala igiyar faɗuwa a jikinsa za ku ga an buga harafin A kusa da shi. Zobba biyu na gefen ƙugu ba su da wannan harafi, na jingina ne kawai, wanda ya faɗo a kansu a karkace zai rataye.

Inda masu ƙera ta suka fi shan wahala shi ne daɗin sawa, kuma a ganinmu nan ne kuɗin mai tsada yake tafiya. A Makka zafin bazara yana wuce digiri 45, a Jidda kuma ga laimar teku, riga ba ta bushewa a jikin mutum. Gwamnati ta hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, amma ko da ƙarfe goma na safe gumi ya riga ya jiƙa komai. Ku dubi kafaɗar leburan da ya wuni da ɗamara mai tsurar maɗauri: layi ja kamar an zane shi da bulala, matsematsinsa ya saluɓe, gishirin gumi ya bushe fari a gefen maɗaurin ya mai da shi kamar zarto. Mutumin nan gobe zai sassauta maɗaurin cinya, jibi ya kwance na ƙirji. Ranar da ya faɗo, maɗaurin cinyar da ya yi sako-sako zai taso da ƙarfi ya daki gabansa, na ƙirjin da ya hau sama ya shaƙe maƙogwaro, in kuwa a kwance yake, kafaɗu su zame. Shi ya sa masu kyau suke da soso mai huda-huda a kafaɗa da cinya da ke barin iska ta ratsa, wanda ake ɓallewa a wanke, gefen maɗaurinsu kuma a lanƙwashe yake ba ya yanka fata. Bayan wasu an yi shi da siffar X don ya riƙe zoben a wurinsa, kuma ɗamarar ba ta cukurkuɗewa idan an ajiye. Wasu an raba maɗaurin sama da na ƙasa da ɗan zobe mai juyawa a ƙugu, don in mutum ya sunkuya kada kafaɗa ta ja cinya.

Maɓallan ma iri uku ne. Akwai na faranti biyu da ake zura ƙarami cikin babba, shi ne mai araha, amma yana sakin jiki a hankali cikin wuni. Akwai mai harshe da ramuka kamar bel ɗin wando, ba ya zamewa, ya dace da ɗamarar da mutane da yawa ke karɓa-karɓa. Sai mai shiga ƙas kamar na kujerar jirgi. Ga wanda zai tuɓe don alwala da Azahar, ya sake tuɓewa da La'asar, wannan na ukun ya fi, don awon da ya yi wa kansa da safe ba ya canzawa. Aibinsa yashi: in ya shiga ciki, maɓallin yana iya yin ƙara alhali haƙori ɗaya ne ya kama. Bayan an ɓalla a fizga da hannu a tabbatar.

Sawa kuwa, a ɗaga ta ta zoben baya a girgiza maɗauran su sauko, a zura kafaɗu kamar falmaran, a ɗaure cinyoyi, sannan ƙirji a tsakiyar ƙashin ƙirji. Tafin hannu a shimfiɗe ya shiga tsakanin cinya da maɗauri, dunƙulallen hannu kada ya shiga. A fitar da waya da mabuɗai daga aljihun wando. Ba a sa ta kan jallabiya ko doguwar riga, sai riga da wando. Abokin aiki ya duba baya ko wani maɗauri ya murɗe. Tana da girma-girma kamar takalmi, kuma nauyin da ma'aunin Amurka ya amince da shi daga kilo 59 ne zuwa 140, har da kayan aikin da ke jikin mutum.

Yanzu ga abin da ya fi damun mu game da gida. Ɗamara ita kaɗai ba ta rage fizga. Abin da ke ragewa wata 'yar jaka ce a jikin igiyar, cikinta maɗauri ne da aka naɗe aka saƙa shi yadda zai yage sannu a hankali idan nauyi ya faɗo masa, har ƙarfin da ke isa jiki kada ya wuce kilonyuton 6, wato kamar nauyin kilo 600. Amma yagewar nan tsawo take ƙarawa. Ku yi lissafi daga inda aka maƙala ƙugiya: igiya mita 2, yagewar jaka har mita 1.75, daga zoben baya zuwa tafin ƙafa kamar mita 1.5, a bar mita 1 na rara. Ya kama mita 6.25 na sarari a ƙasa. A Makka, inda hasumiyar agogo ta kai mita 601, ko a benayen Riyad, wannan ba abin damuwa ba ne. Rufin gidan ƙasa ɗaya a Kano kuwa da ƙyar ya wuce mita 4 ko 5. Kafintan da ya ɗaura ɗamara mai tsada da igiya mai mita 2 a kan irin wannan rufi zai daki ƙasa kafin jakar ta gama aikinta. Abin da ya dace da shi ɗayan biyu ne. Ko gajeriyar igiya da aka auna yadda ba zai ma kai bakin rufin ba, ko na'ura mai naɗe igiyarta da ma'aikatan nan ke kira yoyo, wadda ke cijewa nan take kamar bel ɗin mota, a rataye ta sama da kai.

Wurin maƙalawar ma sai an duba. Ƙa'idar Amurka ta nemi ya iya ɗaukar kusan kilo 2,270 ga mutum ɗaya. Katakon rufi, bututun ruwa, rodin da bai kama cikin kankare ba, ko sandar dish, babu wanda ya kai. A maƙala sama da kai kuma daidai saitin inda ake aiki, don wanda ya yi nisa gefe in ya faɗo lilo zai yi ya daki bango. Kada a ƙulla igiya don rage tsawonta, ƙulli yana cin ƙarfinta. Kada ta bi ta kan bakin kwano, yana yanke ta lokacin da ta miƙe. Masu hawa turaku su nemi igiya mai reshe biyu da manyan ƙugiyoyi, ba a cire ɗaya sai ɗaya ta kama, reshen da ba ya aiki kuma a rataye shi a ɗan maƙalin roba da aka yi dominsa a ƙirji, don in aka maƙala shi a zoben ƙugu yana iya hana jakar yagewa.

A nan, a wuraren aikin manyan kamfanoni, daga mita 1.8 ake fara neman kariya. Abin takawar da ake kira sakala yana da kati a ƙofar hawa: kore an gama shi, ja kada a hau, rawaya sai da ɗamara. Kowace ɗamara tana da lambarta a littafin jami'in da kowa ke kira sefti, ƙwararre yana duba ta aƙalla sau ɗaya a wata 12, mai sawa kuma kullum. Dubawar kullum ɗin nan kowa zai iya ta a gida ba tare da ko sisi ba. A lanƙwasa maɗauri tsakanin hannu biyu, a bi shi taƙi-taƙi ana neman yanka, ko inda tartsatsin walda ya narkar da shi ya yi ƙyalli, ko inda ya ƙandare, ko launi ya koɗe saboda rana. A duba zobba ko sun yi tsatsa, abin da iskar gishirin Jidda ke saurin jawowa. Siminti yana cin zaren foliyesta, ruwan batir kuma yana cin na nailan, masu sola su kula da wannan. Masu walda akwai tasu daban da zaren da ba ya narkewa. Wanki da sabulu mai laushi da ruwa mai ɗumi-ɗumi, shanya a inuwa, ba fetur ba bilic.

Ko igiya ta riƙe mutum, tsugune ba ta ƙare ba. Wanda ke rataye ba motsi, jini yana taruwa a ƙafafunsa, yana iya suma, kuma hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗin cewa rai na iya fita cikin ƙasa da minti 30. A nan akwai 998 na jami'an ceto da 997 na motar asibiti, duk da haka ba a fara aiki sai an san yadda za a sauko da mutum. A gida, tun kafin a hau, a tanadi tsani mai kaiwa da mutum biyu a ƙasa. Akwai kuma wasu ƙananan jakunkuna biyu da ake ɗaurawa a ƙugu, cikinsu maɗauri ne da ake warewa a taka kamar likkafa, a miƙe a kai jini ya gudana. Kuɗinsu kaɗan ne.

Don Allah kada ku ce a sayo muku ta gwanjo daga kasuwannin da nan ake kira haraj. Kyan ɗan maciji gare ta: ba wanda ya san ko ta taɓa tare faɗuwa, alhali wadda ta tare sau ɗaya yanka ta ake yi a zubar. Wanda zai aiko a sayo masa ya faɗi nauyinsa da awon ƙugunsa da irin aikin da yake yi da tsayin da yake hawa. Mai sayowa ya duba takardar da ke ɗinke a jikin ɗamarar, ya ga sunan kamfani da lamba da shekarar ƙira, don kamfanoni da yawa shekara 10 suke ba ta daga ranar da aka yi ta ko ba a taɓa sawa ba. Ya ga EN 361 ko ANSI Z359.11 na Amurka a ɗamarar, EN 355 a jakar igiya, EN 362 a ƙugiya, EN 360 a yoyo. Ya haɗo da maɗaurin zagaya ƙarfe mai lamba EN 795, da hular kwano mai igiyar haɓa, ya kuma bar ɗan littafin bayanin a cikin ledarsa.