Ritaline ko horo? Amsa ga maman yaron nan ɗan shekara 8

Ƴar'uwa, kin ce likita a nan Damagaram ya tabbatar ɗanki yana da larurar rashin natsuwa da kasa maida hankali, wadda a asibiti suke kira TDAH. Kina tambaya ko magani ya fi horo, wato koya wa yaro natsuwa ta hanyar tarbiyya, kuma kina tsoron kada ya zama irin tramol. Allah ya ba shi lafiya.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne metilfenidet, wanda aka sani da Ritaline ko Concerta. Mai zaburarwa ne, shi ya sa iyaye ke mamaki: yaro ba ya zama wuri ɗaya, a kuma ƙara zaburar da shi? Abin da yake tayarwa shi ne sashen gaban ƙwaƙwalwa mai riƙe linzamin hankali, ta hanyar ƙara dopamin da noradirenalin, sinadaran da ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa. Yana fara aiki cikin minti 30 zuwa awa ɗaya. Ritaline na gama-gari yakan yi awa 3 zuwa 4, Concerta kusan 12. Kusan yara 7 cikin 10 suna samun sauƙi. Sai dai yana rage cin abinci, yana hana barci in an sha da yamma, yana ɗan ɗaga bugun zuciya. Shi ya sa likita zai riƙa auna nauyinsa da tsayinsa.

Horo kuwa ba ya gaggawa, kuma yawancin aikin a kanku yake, ke da babansa da mushensa. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, yabo nan take, a zaunar da shi gaban aji nesa da taga. Bulala ba ta ciki. Yaron nan ba da gangan yake yi ba.

A 1999 aka fitar da wani babban bincike a Amurka, mai suna MTA, kan yara 579. Cikin wata 14, magani ya fi horo rage alamomin. Da aka sake dubawa a shekara ta 3, tazarar ta ɓace. Abin da nake so ki riƙe: magani yana zaunar da yaro ya saurara, amma ba ya zuba masa karatu a ka. Sai wani ya koyar da shi a awoyin nan da hankalinsa yake tare. Ga ɗan ƙasa da shekara 6, da horo ake farawa. Ga naki, in har lakwal tana neman gagararsa, ni na fi son a haɗa biyun.

Batun tramol, ba danginsu ɗaya ba, tramol dangin mofin ne, maganin kashe ciwo mai ƙarfi. Amma metilfenidet ma yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta tsaurara, don ana iya amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba. Sai da takardar likita, daga farmasi, ba hannun ƴan talla ba, kuma ki adana shi inda yara ba sa kaiwa. Kafin a fara, ki roƙi likita ya duba ganinsa da jinsa, ki kuma faɗa masa in akwai ciwon zuciya a dangi.