Safiyo ya fitar da ni daga kan hanya, ofishinsa ya rubuta filina da sunan wani

Masu tambayata yadda muka ƙare da safiyon da ya auna min fili, ga amsa a dunƙule, don na gaji da maimaitawa a waya. Ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan kama na kamfaninsa ba. Aikin da ya yi min a cikin rana, da na'ura a kafaɗa, ba ni da abin cewa sai Allah ya saka masa da alheri. Na ofis kuwa, ku dai biyo ni.

Filin awon igiya ne a yankin Kumbotso, gona ce mai ita ya yanka ya sayar. Da kuɗin giratuti na saya bayan na ajiye aikin koyarwa, na cika da adashi. Takardar cinikin ta ce ƙafa 50 da 100, da sa hannun mai gona da shaidu da hatimin mai unguwa, dillali ya karɓi la'adarsa cif. Nawa ne na ƙarshe a layin, a kan kwana, shi ya sa ma aka ɗora min kuɗi fiye da na sauran. Magini har ya sa an sauke yashi zai fara haƙa fandisho, sai Yayana ya ce a dakata a kira safiyo mai rajista. Shi tun rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ya tsorata da duk wani gini da ba a tantance ƙasarsa ba, ko da yake wancan magana ce ta filayen gwamnati, ba irin namu ba. Farashin aikin safiyo kun san yadda yake yanzu. Na ji nauyinsa, na biya rabi kafin alƙalami.

Ya zo da sassafe da yara biyu. Abu na farko da ya burge ni, bai ko kalli turakun da dillali ya kafa ba. Ya kafa na'ura ɗaya mai ƙafa uku a gefe, ya bar ta tana karɓar bayani daga tauraron ɗan'adam, yaro ɗaya ya ɗauki sanda mai faifai a kai yana bin kusurwoyi. Na ce masa, Malam, ai dillali ma ya nuna min filin a wayarsa. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, waya tana iya kuskuren mita uku zuwa biyar. Wannan kuskurenta bai wuce faɗin yatsu ba. Mita biyar kuwa ɗaki ne guda." Daga nan maimakon ya tsaya a filina sai ya miƙe har farkon layin, yana ɗaukar kusurwar kowane gida da aka riga aka gina, ya tsallaka ɗaya ɓangaren ya ɗauki nasu. Ni ina tsaye a inuwar darbejiya ina ƙunƙuni, ina cewa ni na biya kuɗi amma gidajen mutane ake aunawa.

Da ya dawo sai ya nemi a kai shi wajen mai unguwa ya ga zanen yankan gonar na asali. Zane ne na biro a takardar makaranta, ya sha ninki, amma an rubuta a jiki cewa hanyar gabana ƙafa 30 ce. Abin da ya rage tsakanin turakuna da katangar gidan da ke fuskantata kuwa ƙafa 21 ne. Wato ƙafa 9 na gaban filin da na biya kuɗinsa hanya ce ta jama'a. Ta baya kuma katangar maƙwabci ta shigo min da ƙafa 3. Filin da takarda ta ce tsawonsa 100 ya koma 88. A lissafinsa na mita, ƙafa 50 da 100 ya kamata ya ba da murabba'in mita kusan 465, nawa ya tsaya a 409.

Na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Na ce to wa ya cuce ni? Ya ce shi bai zo kama ɓarawo ba, amma zai gaya min yadda abin ke faruwa ko babu mai niyyar cuta. Igiya tana miƙewa in an ja ta, tana lanƙwasa in an sassauta, kuma masu yanka ba sa komawa tushe, daga turken wannan fili suke auna na gaba. In kowane fili ya ci rabin ƙafa, kafin a kai ƙarshen layi an ci ɗaki guda, kuma duk a kan na ƙarshe yake tarewa. Mai yanka ya iso ƙarshe ya ga ƙasa ba ta kai ba, sai ya tura turke cikin hanya ya cike. Ban taɓa tunanin haka ba. Mu dai abin da muka sani, filin kwana ya fi daraja.

Abin da ya sa nake rubuta wannan sharhi shi ne abin da ya biyo baya. Dillali ya samu labari ya zo a kan babur, ya ja safiyo gefe, amma muryarsa ba ta san raɗa ba, duk mun ji. Ya ce ai hanya ƙafa 21 ta isa mota ta wuce, kowa a unguwar nan haka ya yi, a kafa duwatsun iyaka inda turaku suke a rufe magana, Hajiya ta samu ɗarinta cif, kowa ya huta. Har ya ce akwai na goro. Gaskiya a lokacin ina fatan ya yarda, kuɗina nake gani suna tafiya. Safiyo ya ce, "Alhaji, kowane dutse da zan kafa da lamba a kansa, lambar tana kan takarda, takardar da hatimina. Ranar da aka zo da jan fenti kai ba ka nan, ni za a nema, ita kuma ɗakinta za a rushe." Ya juyo ya ce min, "Hajiya, in kina son a kafa a hanya, ki nemi wani. Zan mayar miki da kuɗinki ban da na mota." Yaya ya ce a kafa inda gaskiya take. Aka haƙa, aka kafa duwatsu huɗu na siminti, ina kallon ƙafa tara na gabana suna komawa titi.

Bai tsaya nan ba. Da mai unguwa ya kira zaman sulhu, da mai gona da dillali da maƙwabcin baya, safiyo ya zo da kansa, bai karɓi ko kwabo ba. Ya shimfiɗa zanensa a kan tabarma ya danne da takalmi, ya bi layin gida-gida yana nuna wa dattawa inda kowa ya ci da yadda ya taru. Maƙwabcin ya zo da zafi, yana rantsuwa a kan turkensa ya yi gini. Safiyo ya ce ya yarda, turken ne tun farko ba a wurinsa yake ba. Wannan magana ita ta sauko da mutumin, don ba a kira shi ɓarawo a gaban jama'a ba. Aka tashi a kan mai gona zai mayar min da kuɗin ƙafa 9, maƙwabci zai sayi ƙafa 3 da katangarsa ta hau, ba sai an rushe ba. Mai gona ya biya a hankali, kashi-kashi, amma ya biya. La'adar dillali dai ta tafi, ban ma ɓata bakina ba.

Ya kuma gaya min wani abu kyauta, cewa bayan filin ya fi gaban gangara da fiye da rabin mita, in ba a ɗaga fandisho an ciko ba, ruwan layin duk a tsakar gidana zai kwana. Damina ta zo ta tabbatar. Da a nan labarin ya ƙare, da na ce duk mai fili a Kano ya neme shi ido rufe.

Sai aka koma ofis. An ce min takarda za ta fito nan ba da daɗewa ba. Ba da daɗewar nan ta ci damina guda. Ka kira, ba a ɗauka. In an ɗauka, oga yana Jigawa wajen aikin hanya, oga yana Zariya, oga bai sa hannu ba. Na fahimci dole shi zai sa hannu, don doka ba ta yarda yaro ya sa wa taswirar fili hatimi ba sai wanda ke da rajistar hukumar SURCON, wadda aka kafa tun 1989 don ta tsare wannan sana'a. To amma wanda ya san hannunsa kaɗai ke aiki, ai sai ya daina karɓar aikin da ya fi ƙarfinsa. Ga ƙananan kuɗi da ba a faɗa min tun farko ba: kuɗin siminti na duwatsu, kuɗin mota, kuɗin buga takarda, kowanne da bakinsa, babu mai rasit. Ba yawansu ne ya dame ni ba. A haɗa min su wuri ɗaya tun ranar farko in san abin da na shiga.

Ranar da aka ce in zo in karɓa, na buɗe takardar a gaban sakatare. Zane tsaf, ga kibiyar arewa, ga lambobin duwatsu, ga 409 ɗina, ga hatimi. A sama, inda ake rubuta mai fili, sunan Yayana ne da na mahaifinmu. Na ce, ɗana, wannan sunan wa ye? Ya ce, "Mama, ai Alhajin ne ya yi ta magana da oga a fili, mun ɗauka nasa ne." Ni na sa hannu a takardar ciniki, kwafinta yana cikin fayil ɗinsu. Daga asusuna kuɗin ya shiga nasu, da sunana a jiki. Babu wanda ya buɗe fayil ya duba. Sun ga namiji a tsaye, shi ke nan an samu mai fili. Sai a lokacin na tuna ko a filin ma, in na yi tambaya, rabin amsar Yaya ake juyawa a ba wa.

Yayana mutumin kirki ne, shi ya fara yi musu faɗa. Amma Yaya yana da mata biyu da 'ya'ya, kuma rai na Allah ne. In yau ya faɗi, aka zo rabon gado, aka tarar da taswira mai hatimi da sunansa, da me zan tsaya a gaban alƙali? Na ga yadda zumunci yake watsewa a kan abin da bai kai wannan ba. Kuma taswirar safiyo ba ita ce shaidar mallaka ba. Tun Dokar Filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne amana, shi ke ba da takardar shaidar mallaka a yankin birni, kuma wannan taswira tana cikin abin da mutum zai haɗa ya shigar da nemansa a KANGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye a Jihar Kano. Da ban duba ba, da kuskuren ya bi fayil ya shige ciki, sai a wayi gari ina neman takardar wani da kuɗina.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, sakataren ya ce sai na sake biyan kuɗin bugawa. Na ce ko sisi. Na zauna a kan bencin ofishin na ce ba zan tashi ba sai oga ya zo. Ya zo, ya ba da haƙuri, ya yi wa yaron faɗa a gabana, ya ce a gyara kyauta. Amma haƙurin na tsaye ne, waya a kunne, ƙafa ɗaya a mota. Mutumin da ya zauna a tabarma yana yi wa dattawa bayanin ƙafa uku har aka kira la'asar, bai ga cewa wannan ya fi ƙafa uku girma ba. Na kuma nemi a yaga tsohuwar takardar a gabana, a goge ta a kwamfuta, suka yi ta kallona kamar na faɗi abin mamaki.

Wani abu da ya faru bayan nan ya ɗan sa na sassauto, a gaskiya. Ɗana ya kwafi lambobin kusurwa daga takardar ya sa a Google Maps, sai alamar ta faɗa can cikin gidan wasu. Na ce shi ke nan, bayan suna har wurin ma sun ɓata. Na kira a fusace, wannan karon ya ɗauka. Ya ce lambobin takardata a kan ma'aunin Minna suke, wanda aka daɗe ana zana taswirar Najeriya da shi, waya kuma da ma'aunin duniya take aiki, tsakaninsu akwai tazarar mita masu yawa, sai an juya lissafi. Ya turo min lambobin da aka juya, muka sa, alamar ta sauka a kan yashina. Mutumin ya san aikinsa, wannan ba na ja.

Amma da aka zo fitar da layin fandisho, wanda yana cikin cinikinmu tun farko, bai zo ba. Yaro ya turo da tef da igiya. Igiya fa, bayan duk huɗubar da ya yi min a kanta. Magini ne ya yi ta gwada kusurwa da ma'aunin uku, huɗu, biyar har ta daidaita. A nan ma muka tarar ɗaya daga duwatsun baya ya fara marmashewa, yashi ya fi siminti yawa a cikinsa, lambar kansa ta kusa gogewa tun ba a yi shekara ba.

Ƙanwata ta sayi fili a wajen Ungogo, ta ce in ba ta lambarsa. Na ba ta, don wanda zai ƙi na goro a gaban dillali ba a kowane lungu ake samunsa ba. Amma na ce ta rubuta sunanta da hannunta da manyan baƙaƙe ta ba shi, ta sa a rubuta duk kuɗin da ranar karɓar takarda, ta riƙe kaso mai tsoka sai takarda ta shigo hannunta, kuma in za ta je da mijinta, ya zauna a mota. Ni kuwa har yanzu ina bin su dutse ɗaya. Sun ce za a zo a sake kafawa ranar Asabar, ba su dai faɗi wace Asabar ba, gini kuma ya kai linta.