Dashen ganyen moda: kwalbar ruwa ko yashi?

Wa alaikumussalam 'yar'uwa. Kin tambaya ko a kwalbar ruwa ko a yashi ya fi kyau ki dasa ganyen moda don ya yi saiwa. Ni dai a yashi zan ce ki dasa ganyen modar nan taki, ki rabu da kwalbar ruwa, don duka biyun na gwada da hannuna.

Modar da ke barandata yanzu tukunya 6 ce kuma wallahi duk daga ganye ɗaya suka fito, wanda gwaggona ta yanko min a bayan ɗakinta ranar da na je gaishe ta. Ita ta koya min komai. Na sa wuƙa mai kaifi na raba shi gida huɗu, kowanne tsawon yatsa, ta ce in kula kar in juya su, wajen da ke kallon ƙasa tun yana jikin uwarsa shi zai shiga ƙasa, in kika kifa shi ko shekara zai yi ba zai yi saiwa ba, sai na ɗiga wa gindin kowanne alama da biro. Na baza su kan faifai a inuwa kwana 3 har bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo. Nan mutane suke gaggawa, ɗanyen yanka in ya haɗu da laima ruɓewa yake yi.

Yashin gini kashi 2, ƙasar lambu kashi 1, a tukunyar ƙasa mai huji a gindi. Na cusa su kamar gaɓar yatsa ɗaya, ruwa kuma sai na tura yatsa na ji ƙasar ta bushe ƙayau sannan in ba su kaɗan. Wajen sati 6 na ɗan ja ɗaya a hankali na ji ya riƙe gam. 'Ya'yan kam sun ja lokaci, sai da aka kusa wata 4, wata safiya ina shara na hango ɗan tsiro kore shar ya leƙo a gefe kamar kunnen ɓera, a take na kira gwaggo a waya don murna.

Ruwa kuma to, yana yi, za ki riƙa ganin saiwar ta cikin kwalba, iyakar daɗinsa ke nan. Sai kin canja ruwan duk kwana biyu uku kina wanke yauƙi, nawa da zafin Afrilu ruwan ya ɗume biyu cikin uku suka ruɓe har da wari, ga sauro na son ruwan da ke zaune a ɗaki, saiwar ruwa kuma laushi gare ta, wajen mayarwa ƙasa take karyewa.

Abu ɗaya fa, in modarki mai ratsin rawaya a gefe ce, ganye ba zai ba ki wannan ratsin ba, ko a ruwa ko a yashi, 'ya'yan kore zalla za su fito. Ita wannan sai dai ki zare ta daga tukunya ki raba ta ƙarƙashi, ki yanko ɗa tare da saiwarsa.

Sannan don Allah ki yi hattara da wasu masu sayar da fulawa a bakin titi. Na taɓa sayen mai ratsin a baƙar leda, tsaye ƙyam gwanin sha'awa, bayan kwana 10 ta kwanta, ina zarowa ashe ganye uku ne kawai aka soka a ƙasa babu saiwa ko ɗaya, kuɗin cikakkiyar shuka na biya. Har yau abin na ci min rai. Kafin ki miƙa kuɗi ki kama ganyen ki ɗan ja sama a gaban mai sayarwar, in ya taho sululu ki ajiye masa kayansa.

Ki nemo yashi yau, ki yanka ganyen, ki shanya shi a inuwa. Ki ajiye tukunyar inda haske ke shiga amma ruwan sama ba ya dukanta, in kuma hunturu ya riske ki ki rage ba ta ruwa ki ƙara haƙuri, sanyi yana jinkirta saiwa.