PVC, PPR ko HDPE: wanne ya dace ya maye gurbin tsohon bututun ƙarfe?

Malam, ka ce bututun ƙarfen da ya shigo da ruwa gidanku a Runjin Sambo, Sakkwato, tun zamanin mahaifinku ya fara yoyo a wuri uku, an ɗaɗɗaure shi da robar tif amma gindin katanga bai daina jiƙewa ba, kuma masu gyaran famfo biyu sun ba ka shawara daban, ɗaya ya ce PVC, ɗaya ya ce PPR, dukansu bututun roba. Kafin in kwatanta su, ina roƙonka ka daina faci. Bututun ƙarfe daga ciki yake mutuwa, domin da zarar rufin kariyar da aka yi masa, irin na kwanon rufi, ya cinye, sai tsatsa ta kama, musamman a mahaɗai inda aka yanka zaren murɗawa. Lokacin da muka tono namu, mai aikin ya yanko guntu ya miƙo mini, sai na ga ramin da ya kamata ya ɗauki babban yatsa ya toshe da jar tsatsa har fensir ba zai shiga ba.

Abin da ya fi asarar ruwa damuna shi ne abin da ke shiga ta wannan huda. Ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, kuma idan aka ɗauke shi bututu ya zama fanko, yana iya zuƙo ruwan da ke kwance a kewayensa. Idan layin ya bi ta gefen kwata ko kusa da shadda, to wannan ƙazantar ce ke fara isa tanki ranar da ruwa ya dawo, kuma ita yara za su sha.

PVC shi ne mafi araha, kuma duk mai gyaran famfo ya iya haɗa shi da gam. Rauninsa a Sakkwato zafi ne da rana. Ana auna ƙarfinsa ne da ruwa mai sanyin digiri 20 ko kusa da haka, to idan ruwan ya kai digiri 40, abin da ba baƙo ba ne ga tankin da ke saman gini a Afrilu da Mayu, ƙarfin kan ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda aka bari a fili kuwa rana kan gasa shi har ya yi gautsi, akuya ta taka ya tsage. Akwai kuma haɗarin a ba ka siririn da aka yi don zubar da ruwan wanka a madadin mai kaurin da ke ɗaukar matsin ruwa, domin a ido sun yi kama.

PPR, wato koren nan, ba a sa masa gam. Da na'ura ake narka bakinsa a zafin digiri 260, a tura shi cikin mahaɗi su zama abu ɗaya, saboda haka mahaɗin da aka yi daidai ba ya yoyo, kuma yana jure ruwan zafi sosai fiye da PVC. Sai dai aikinsa yana buƙatar wuta ko janareto, yana kuma buƙatar hannun gwani, domin idan aka bar shi a na'ura fiye da ƙima, narkakkiyar robar kan taru a ciki ta rage hanyar ruwa, ba kuma za ka sani ba sai an rufe da siminti ka buɗe famfo ka ga ruwa yana tsiyaya. Jikinsa yana da kauri, har mai milimita 25 na ajin PN20 (lambar da ke nuna matsin ruwan da yake ɗauka) raminsa bai kai milimita 17 ba, don haka kada a sa maka mai milimita 20 a babban layi. Tsawonsa mita 4 ne, wanda ke nufin layin mita 30 zai ci mahaɗai bakwai ko fiye a ƙarƙashin ƙasa. Shi ma ba ya son rana.

Akwai na uku da ba su ambata maka ba, kuma a ganina shi ya fi dacewa da abin da ka tambaya: HDPE, baƙin bututun robar da ake sayarwa a naɗe, mita 50 ko 100. Ana shimfiɗa shi daga bakin titi har gindin tanki ba tare da mahaɗi ko ɗaya a cikin ƙasa ba, yana lanƙwasa a kwana, ba ya tsatsa, baƙinsa kuma yana kare shi daga rana. Da hannu ake murɗa mahaɗansa, babu gam babu wuta. Aibinsa shi ne mahaɗan suna da ɗan tsada, kuma bai dace da cikin bango ba.

Da ni ne, zan binne HDPE mai milimita 25 ko 32 daga titi zuwa tanki, in sa PPR daga tanki zuwa banɗaki da kicin, in rufe duk inda rana ke dukansa. Idan kuɗi suka gaza, PVC mai kauri zai yi, muddin an binne shi. Ko wanne ka zaɓa, a haƙa rami ya kai rabin mita, a shimfiɗa yashi ƙasa da sama domin kada dutse ya huda shi, a nisanta shi da shadda, a sa makullin rufe ruwa a bakin ƙofa inda hannu zai kai. Idan aikin zai taɓa babban bututun titi, ka sanar da hukumar ruwa tukuna. Sannan kada ka bari a mayar da ƙasa sai an saki ruwa, ka bi layin da kanka daga farko zuwa ƙarshe kana shafa kowane mahaɗi da busasshen hannu.